Kwamfuta Mai Tarbiyya

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Lewisham ta Landan wajen 1996 ya san Muniru. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don ko a cikin bas Muniru bai iya magana a hankali ba. Ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka ina da izinin faɗar abin da zan faɗa, in ya ji haushi ya sha ruwan sanyi. Ya baro Zariya a 1988 wai zai karanta kwamfuta. Zango ɗaya ya yi a kwaleji, aka yi jarrabawa, sakamako ya fito, sai ya gano cewa malaman ba su kai matsayinsa ba, ya bar musu makarantarsu. Tun daga ranar ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. Rediyona da ya gyara mini, har yau maganar direbobin tasi kawai yake kamawa.

Aikinsa na gaskiya gadi ne, a wani ɗan gidan tarihi da ke bayan kasuwa, ɗakuna huɗu da banɗaki. Yana tsayawa cikin baƙar kwat yana ce wa mutane kada su taɓa. Ni kuma Yelwa, ni ce mai sayar da shayi da kek a ƙasan bene, don haka ba ji na yi a bakin wani ba.

Matarsa Amamata 'yar zangon Kumasi ce, nas ce, mace mai hankali, har yanzu ban gano laifin da ta yi aka haɗa ta da shi ba. A shekarar nan mahaifiyarta Hajiya Damata ta zo musu ziyara. Rannan Amamata tana wurin aiki, Muniru ya kwaso tsohuwa ya kawo ta wai ta ga ofishinsa. Yana gaba yana surutu, tana biye, har suka shiga ɗakin kayan Afirka. A nan akwai wata babbar riga a cikin gilashi, mai aska takwas, wadda iyalan wani Bature ɗan kasuwar katako suka bayar bayan ya mutu. Hajiya ta tsaya cak. Ta matsa har goshinta ya taɓa gilashin.

“Mma, ba a taɓawa,” in ji Muniru.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Da Hausarsu ta zango ta ce, “Rigan nan, Malam ne ya ɗinka shi.”

Ta nuna gefen wuyan rigar, wurin da wasu ƙulli uku na jan zare suke, waɗanda mu da muke wucewa kullum ba mu taɓa lura da su ba. Ta ce daga bakin zanen aurenta mijinta ya zaro zaren, tana amarya, a tsakar gidansu na Kumasi. Sannan ta tambayi abin da aka rubuta a ɗan katin da ke ƙasa. Na karanta mata: ba a san wanda ya yi ba.

“Ba a san shi ba?” in ji ta. “Wata uku mutum yana duƙe har idonsa ya lalace, a ce ba a san shi ba?”

Aka kira shugabar gidan, Misis Pennock, wata doguwar Baturiya mai kirki. Da ta ji labari har da tafa hannu. Ta zaro biro ta ce a faɗa mata sunansa yanzu yanzu ta gyara katin. Hajiya ta sunkuyar da kai.

“Malam,” ta ce.

“Malam wa?”

“Baban Amamata.”

To, ku da kuka sani kun sani. Shekara arba'in da bakwai da ɗaura auren, shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, matar nan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba ko a mafarki. 'Yan Kumasi da ke Landan kuwa da Mai Allura suka san shi. Abin da ya kamata a yi mai sauƙi ne: a bari Amamata ta tashi daga aiki ta rubuta. Da an yi haka da ba ku ji wannan labari ba. Amma Muniru yana tsaye, kuma a makon nan ne aka kawo wa gidan sabuwar kwamfuta irin wadda ake taɓa gilashinta da yatsa ta yi bayanin kayan tarihi.

“Madam, mayar da biron nan aljihu,” ya ce da Turanci, yana ɗaga hannu. “Biro? A 1996? Ni zan saka sunan a kwamfuta, ta faɗe shi da bakinta ranar buɗewa, da Hausa da Turanci, a gaban jama'a.”

Ya juya ya fassara wa Hajiya. Idon tsohuwa ya yi haske. “Injin zai faɗa? Da ƙarfi?”

“Har 'yan kasuwa sai sun ji, Mma.”

“To shi ke nan. Inji ba shi da kunya, shi ya faɗa. In ji an kira sunansa sau ɗaya a garin nan, in koma gida.”

An sa bikin buɗe kwamfutar ranar Asabar, mako uku masu zuwa. Jirginta kuwa washegari Lahadi, an riga an yi booking, bizarta ma ta ƙare. A shekarunta kowa ya san ba sake dawowa za ta yi ba.

Kamfanin da ya kawo kwamfutar ya bar makirufo da wani littafi mai kauri na bayani. Muniru ya ɗauki littafin ya tokare ƙofar sito da shi, ya ce an rubuta shi ne don waɗanda ba su iya ba. A siton nan, tsakanin tsintsiya da bokiti, ya kafa ɗakin ɗaukar murya. Da rana ta yi sai ya sauko wurina shan shayin da ba ya biya, ya yi mini lacca.

“Yelwa, kin san matsalar injin Bature?”

“Kai dai faɗa, Injiniya.”

“Ba shi da tarbiyya. Kina taɓa shi sai ya hau zuba, ba sallama, ba gaisuwa, kamar ɗan da bai tashi gaban iyaye ba. Ni zan yi kwamfuta ta farko a duniya mai tarbiyya. Japanawa za su zo su durƙusa su koya.”

“Ka dai gyara mini rediyo kafin su iso.”

“Hassada ce ke damunki.”

“Wallahi kuwa. Kullum da ita nake kwana.”

Bayan mako guda ya kira ni gwaji. Na tarar ya ciro talabijin ɗin kwamfutar daga kan dogon teburinta, ya ɗora ta a kan kujerata 'yar tsuguno wadda nake nema tun shekaranjiya. Na ce wannan fa? Ya ce ba a gaida babba a tsaye, duk mai son ilimi ya tsuguna. Na tsuguna, na taɓa. Sai ga muryar Muniru, ya ƙara mata kauri kamar mai karanta labarai.

“Assalamu alaikum. Sannu da zuwa. Ina wuni?”

Maɓalli ɗaya ne ya fito a gilashin, an rubuta Lafiya lau. Na danna.

“Ina gajiya?”

Na danna.

“Yaya iyali?”

Na danna. Yaya sanyi, yaya aiki, yaya mutanen gida, an samu wasiƙa kuwa, yaya aka ji da harajin council. Kowace sai ta maimaita da Turanci. A ta takwas ƙafata ta yi tsami.

“Guda nawa ne?”

“Goma sha bakwai. Na rage ne saboda Turawa ba su da haƙuri.”

“In mutum yana sauri fa?”

“Ya je ya dawo ranar da ya natsu.”

Na miƙe na koma wurin shayina, ban kai ƙarshe ba. Misis Pennock ma a ta biyar ta tsaya, ta ce abin yana da ban sha'awa ƙwarai, tana dafe da ƙugu. Da ta nemi jin sunan, Muniru ya ce sirri ne sai ranar. Amamata ta rubuta masa sunan mahaifinta a takarda, baƙi manya manya, ya ninke ya jefa a aljihu. Ana gobe buɗewa ta tambaye shi a gabana ko ya saka.

“Na saka abin da ya dace,” ya ce.

A lokacin ya kamata mu biyun mu shaƙe shi. Ba mu yi ba.

Akwai wani abu guda da ban gaya muku ba. Kwamfutar tana da wani ɗan ido a samanta, wanda in mutum ya matso kusa take farkawa. Muniru ya karkata idon ya kalli ƙofar ɗakin, ya saita ta yadda duk wanda ya shigo za ta koma farko ta yi masa sallama. Hujjarsa ita ce babu gidan mutunci da baƙo zai shigo a ci gaba da hira ba a gaishe shi ba. Da wannan ya yi ta bugun ƙirji, ya kira mutanenmu na Barking, ya kira na Edmonton, ya gayyaci duk wanda ya taɓa cin tuwo, ya ce ƙarfe biyu daidai.

Ƙarfe biyu saura kwata Turawa sun cika kujerunsu. Namu kuwa, ni ce da Amamata da Hajiya Damata, wadda ta sha farin leshi ta zauna a gaba tana jan carbi. Muniru ya ajiye kwat ɗin gadi ya sha shadda, har da biro uku a aljihu, shi da ya ce zamanin biro ya wuce. Babban baƙo shi ne shugaban kwamitin gidan, Mista Dunwoody, ɗan shekara saba'in da wani abu, mai sanda. Da aka nuna masa 'yar kujerar da injin ke kai a ƙasa ya dubi Misis Pennock, ta ce al'ada ce. Bawan Allah ya miƙa sandarsa, ya sauka a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya taɓa gilashi.

“Assalamu alaikum. Sannu da zuwa.”

Aka yi tafi. Muniru ya kalle ni ya ɗaga gira. Dattijo ya yi ta dannawa, ɗaya, biyu, uku, biyar. Yana kan yaya mutanen gida sai ƙofa ta buɗe, Alhaji Lawal na Barking ya shigo da iyalinsa yana cewa jirgin ƙasan tube ne ya tsaya.

“Assalamu alaikum. Sannu da zuwa,” in ji kwamfuta.

“Wa alaikumus salam!” Alhaji Lawal ya amsa da ƙarfi, yana waige waige. “Kai, masha Allah! Injin ya san mutane!”

Mista Dunwoody ya ga maɓalli ya koma farko. Ya haɗiye yawu ya sake somawa. A ta goma sha ɗaya Dakta Katung ya shigo daga Edmonton. Assalamu alaikum. A ta shida wata ƙawarmu Awabu ta turo ƙofa da ƙafa, da kular dafa-duka a hannu. Assalamu alaikum. Ta ajiye ta koma ɗauko ta biyu. Assalamu alaikum. Kowa ya shigo sai ya amsa wa injin, sannan ya bi layi ya gaida Hajiya, ya gaida Alhaji, ya tambayi lafiyar mutanen gida, wato gaisuwa biyu ke tafiya a ɗakin lokaci guda, ta inji da ta mutane, babu wadda take ƙarewa.

Ƙarfe uku da rabi ta yi. Mista Dunwoody yana tsugune, fuskarsa ta yi jawur, ya amsa lafiya lau ya fi sau sittin, alhali duk wanda ya kalle shi ya san ba lafiya ba.

Na matsa kusa da Muniru. “Injiniya, ka gayyaci Hausawa da 'yan zango ƙarfe biyu, sannan ka sa injin ya jira kowa ya iso?”

“Haka na tsara ta.”

“Akwai waɗanda sai bayan la'asar za su baro gida.”

“Wannan laifin mutanenmu ne, ba na fasaha ba.”

Na dubi Hajiya. Ta daina jan carbi. Duk sanda injin ya yi nisa sai ta miƙe zaune ta karkato kunne, ƙofa na buɗewa sai kafaɗunta su sauka. Sau shida ina kallon haka. Raina ya ɓaci, wallahi. Na je na murza wa ƙofa mukulli, na ɗauko tawul ɗin goge kofi na rufe wa injin ido. Waɗanda suka makara suka yi ta bugu daga waje, na ce su gaida juna kafin mu gama.

“Kin lalata tsarin!” in ji Muniru.

“Taɓa tawul ɗin nan ka gani.”

Mista Dunwoody ya tattara sauran ransa ya danna goma sha bakwai cif. Muryar ta gyara zama.

“Wannan gagarumin aiki, Injiniya Muniru Abdulƙadir Yero ne ya ƙirƙiro shi, haifaffen unguwar Kwarbai a birnin Zariya, wanda tun yana ƙarami...”

Minti huɗu cur. Mun ji makarantar firamarensa, mun ji agogon kakarsa da ya kwance. Sunansa kuwa, sau biyar na ƙirga, cikakke, ba ya rage ko harafi. Sannan aka zo kan riga. Ya yi bayanin aska takwas, ya yi bayanin zare. Hajiya ta kama hannun 'yarta ta riƙe.

“Wanda ya ɗinka wannan riga kuwa...” Muryar ta yi ƙasa. Aka ji gyaran murya. Aka ji bokiti ya motsa. “To... Baba ne. Baban su Amamata. Mai Allura dai, kun san shi. Allah ya jiƙansa da rahama. Mun gode, a sauka lafiya.”

Rabin ɗakin suka ce amin, don ba a barin addu'a a ƙasa. Turancin ya biyo baya, shi ma haka: wanda ya yi rigar surukin injiniya ne, mutumin kirki.

Misis Pennock ta ce, “Amma mene ne sunansa?”

Amamata ta miƙe. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. “Baban gida, ina takardar da na rubuta maka?”

“Haba, Amamata!” Muniru ya dafe ƙirji. “Surukina fa! In kama sunan surukina gatsal, a lasifika, a gaban Mma? Wa ya haife ni? Sau uku na gwada a sito, bakina ya ƙi.”

“To me ya sa ka karɓi aikin?”

“Ai na ɗauka in ya shiga inji zai fi sauƙi.”

“Da muryar wa injin yake magana, Injiniya?” na ce. “Ta Sarkin Japan?”

Dariya ta ɓarke a bayan ɗaki. Muniru ya ce a ba shi minti biyu zai gyara, ya yi tsalle ya fizge tawul, injin ya gan shi ya yi masa sallama. Ya danna nan, ya danna can, ya zagaya baya ya ja wata waya, fitilar cikin gilashin rigar ta mutu. A daidai nan Mista Dunwoody ya yanke shawarar cewa ya isa haka. Ya nemi abin dafawa ya tashi, babu sanda, ya dafa talabijin ɗin. Kujerata ƙafa uku gare ta da rabi, na sani, shi ya sa nake jingina ta da bango. Ta tuntsure. Injin ya kife a ƙasa yana cewa, “Ina gajiya? Ina gajiya? Ina gaji...” Wani ɗan hayaƙi ya fito ta bayansa, ya yi shiru. Dakta Katung da Alhaji Lawal suka ɗaga dattijon a yadda yake, a tsugune, suka ɗora shi a kujera.

Ba wanda ya ƙara dariya, don kowa ya ga Hajiya. Hawaye ne ke bin fuskarta, ba ta ko share ba.

Misis Pennock ta je ta ciro tsohon katin, ta zaro bironta, biron nan dai na mako uku da suka wuce. Ta dubi Amamata. Amamata ta buɗe baki za ta yi magana, sai uwar ta ɗaga hannu.

“Bari.”

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta taka har gaban gilashin. “Na ce inji ya faɗa don ba shi da kunya. Ashe injin ma suruki ne.” Ta ja numfashi. “Gobe ina tafiya. Ba zan bar shi a garin nan ba suna ba.”

Ta juya ta fuskanci Baturiyar. Leɓenta ya motsa sau biyu ba sauti. Alhaji Lawal ya sunkuyar da kai, Awabu ta ja mayafi ta rufe baki.

“Mashud,” in ji Hajiya Damata. “Mashud Abdul-Mumuni. Rubuta.”

Misis Pennock ta soke layin da ya ce ba a san shi ba, ta rubuta, Amamata tana faɗa mata baƙaƙen tana kuka. Tsohuwa kuwa ta riga ta juya mana baya. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, daidai ƙullin nan uku, ta sake faɗar sunan a hankali, wannan karon ba da mu take ba. Mai gadin gidan yana tsaye a gefe da waya a hannu, bai ce ba a taɓawa ba.

Ba a yi minti goma ba, ana rabon dafa-duka, na ji shi yana gaya wa Dakta Katung cewa dama manufarsa ke nan, ya tsara injin ne don ya zaburar da Mma ta faɗa da kanta. Hajiya tana wucewa ta ji. Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

“Muniru, kana da kunya, na yaba. Hankali ne dai Allah bai ba ka ba. Kawo mini ruwa.”

Washegari ta tafi. Kamfani ya zo ya kwashe gawar injinsa, aka kawo wani, aka rubuta a jikinsa cewa ma'aikatan gadi kada su taɓa. Katin kuwa an ce za a buga sabo, amma har na bar aikin yana nan da rubutun biro. Muniru ya ci gaba da tsayuwa kusa da shi cikin baƙar kwat, yana kawar da ido in ya zo wucewa. Duk ranar da wani baƙo ya nuna katin ya tambaye shi yadda ake faɗar sunan, sai in ji muryar nan daga saman bene.

“Yelwa! Hawo, ana son bayani na fasaha!”

Sai in ajiye butar shayi, in hau, in faɗa musu.